Yadda ɗan fansho a Saudiyya zai nemi tallafin gwamnati, mataki-mataki

'Yan'uwa daga Makka da Jidda da Madina suna ta aiko mini da tambaya iri ɗaya: Baba ya yi ritaya, fanshon ba ya kai ƙarshen wata, me gwamnati ke bayarwa, kuma ta ina ake farawa? Tambayar tana da dalili. Riyal 500 na tsadar rayuwa da aka fara ƙara wa 'yan fansho a Janairun 2018 an dakatar da shi a Yunin 2020, a watan da ya biyo baya kuma harajin kayayyaki ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Mai karɓar mafi ƙarancin fansho, wanda bai cika riyal 2,000 ba, shi ya san yadda yake ƙarewa da haya da kuɗin wuta da cefane.

Manyan ƙofofin da suka rage guda biyu ne: Hisabul Muwaɗin, wato tallafin wata-wata na rage tsadar rayuwa, da kuma Daman, wato tallafin marasa ƙarfi na Ma'aikatar Ƙwadago da Jin Daɗin Jama'a. Babu wanda ke zuwa da kansa don kawai mutum ya yi ritaya, sai an nema. Da yawa daga waɗanda ake ƙi kuma ba don ba su cancanta ba ne, bayanansu ne ba su yi daidai da juna ba. Saboda haka a bi matakan nan a jere, kada a fara da cike fom.

1. A fara tabbatar da cewa ƙofar taka ce

Shirye-shiryen biyu na 'yan ƙasa ne, masu hawiyya, wato katin ɗan ƙasa. Amma akwai wasu da ba 'yan ƙasa ba da aka yarda su shiga. A Hisabul Muwaɗin ana karɓar ɗa ko 'yar Basaudiya ko da uban baƙo ne, da wanda ba ɗan ƙasa ba amma yana aure da ɗan ƙasa, da masu katin tanaƙƙul, wanda ake ba wasu ƙabilu mazauna ƙasar da ba su da hawiyya. A Daman ana karɓar matar ɗan ƙasa wadda ita ba 'yar ƙasa ba ce, haka ma wadda mijin ya rasu ko ya sake ta muddin tana da 'ya'ya 'yan ƙasa. Iyayenmu mata da yawa suna cikin wannan rukuni ba su sani ba, suna zaune suna ganin ba su da rabo.

Mai iƙama kuwa, wato baƙo mai takardar izinin zama, idan ba ya cikin waɗancan rukunan, ko da a unguwar Jarwal ta Makka aka haife shi, ba ya cikin waɗannan shirye-shirye, kuma kuɗin da kamfani ke biya masa a Ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata da fansho, na haɗarin wurin aiki ne kawai, ba ya zama fansho. Haƙƙinsa shi ne kuɗin sallama na ƙarshen aiki: rabin albashin wata a kan kowace shekara daga cikin biyar na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Wannan a wurin mai aikin ake nema.

Gargaɗi: duk wanda ya ce wa mai iƙama ya kawo kuɗi zai shigar da shi Daman ta bayan fage, ɓarawo ne.

2. Waya, Absher da Nafath

Komai a kan wayar dattijon zai tsaya. Layin ya kasance da sunansa aka yi rajista, kuma shi ne lambar da ke cikin asusunsa na Absher, manhajar ayyukan gwamnati ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Gidaje da yawa layin da Baba ke riƙewa da sunan babban ɗansa yake, ko kuma lambar da ke Absher ta mutu tun tuni. A gyara wannan kafin komai. Ana sauya lambar ta injinan Absher da ke ofisoshin Ahwal (na katin ɗan ƙasa) da Jawazat (na fasfo) da wasu manyan kantuna, da yatsan mai asusun. Sai a duba hawiyyar, idan wa'adinta ya ƙare a sabunta.

Daga nan a saukar da manhajar Nafath a wayar, a kunna ta. Da ita ake shiga kusan kowane shafin gwamnati yanzu: shafin zai nuna lamba, sai a zaɓi irinta a cikin manhajar, wani lokaci kuma a nuna fuska.

Gargaɗi: wannan mataki ne 'yan damfara suka fi so. Za su kira su ce daga ma'aikata ne ko daga banki, za a tsayar da fansho idan ba a sabunta bayanai ba, su ce a danna lambar da ta fito a Nafath ko a karanto musu wadda ta shigo ta saƙo. A zaunar da dattijo a faɗa masa da Hausa ƙarara: duk buƙatar Nafath da ba shi ya fara ta da hannunsa ba, ya ƙi ta. Saƙon damfara kuma ana tura shi zuwa 330330.

Idan dattijon yana kwance ko ido ya yi rauni, a yi wakala, wato takardar wakilci, ta shafin Najiz na Ma'aikatar Shari'a, a rubuta a ciki abin da aka ɗora wa wakilin. Ni ban yarda da ɗa ya karɓe wayar uba da katinsa na banki ya riƙa yi a ɓoye ba, ko da niyyarsa mai kyau ce. A zauna kusa da shi, a yi yana gani, ya san kalmar sirrinsa. Kuɗinsa ne.

3. Adireshi da takardar gida

A nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Ana buƙatar abu biyu su yi daidai: adireshin ƙasa, wanda ake rajistarsa kyauta a hukumar gidan waya ta Subul, da takardar da ke nuna a gidan kake zaune. Takardar ko dai sakki ne, wato takardar mallakar gida, ko yarjejeniyar haya da aka yi ta Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya.

Tun da aka fara rusau a Jidda a ƙarshen 2021, iyalai daga Gulail da Karantina da Sabil da Nuzla suka watsu zuwa wasu unguwanni. Da yawa sun tare a sabon gida, amma adireshinsu na ƙasa har yanzu yana nuna gidan da babu shi. Idan takardar haya ta ce wata unguwa, adireshi ya ce wata, kwamfuta ba ta san labarin rusau ba, ƙin karɓa kawai za ta yi. A sabunta adireshin mai gida da na kowane mutum da za a sa a cikin takardar, mata da 'ya'ya duka, ɗaya bayan ɗaya.

Yarjejeniyar hayar ta kasance da sunan mai nema, kuma wa'adinta bai ƙare ba. Takardar da aka rubuta da hannu tsakaninka da mai gida, ko da da shaidu, ba ta tsayawa a madadin ta Ejar. Idan mai gida yana jan ƙafa, a je ofishin dillancin gidaje mai lasisi a kira shi daga can. Kuɗin rajistar hayar gidan zama riyal 125 ne a shekara.

Gargaɗi: kada a sayi yarjejeniyar haya ta bogi don a raba gida ɗaya ya zama biyu a takarda. Ana bincike, ana kuma zuwa gida. Wanda aka kama za a tsayar masa da tallafi, a nemi ya mayar da abin da ya karɓa.

4. Asusun banki

Lambar IBAN ake so, wadda ke farawa da SA, haruffa da lambobinta 24. Ta kasance ta mai nema shi kansa, ba ta ɗa ko mata ba, asusun kuma yana aiki. Banki kan daskarar da asusu idan hawiyya ta ƙare ba a kai musu sabuwa ba. Mafi sauƙi a yi amfani da asusun da fansho ke shiga, a kwafo lambar daga manhajar bankin maimakon a rubuta ta da ka.

5. A tattara kuɗin shiga a takarda ɗaya

Tun 2021 aka haɗe hukumar fansho ta ma'aikatan gwamnati da Ta'aminat, saboda haka tsohon malamin makaranta da tsohon soja da tsohon ma'aikacin kamfani duk wuri ɗaya suke zuwa yanzu. A shiga manhajar Ta'aminat ta Nafath, a ciro takardar shaidar fansho. Adadin da ke jikinta shi za a rubuta.

Gargaɗi: kada a rubuta abin da ya rage bayan banki ya cire bashinsa. Wanda fanshonsa 4,000 ne, banki na cire 1,000, kuɗin shigarsa a wurin hukuma 4,000 ne. Na san wannan yana da ciwo, domin 3,000 ɗin ce ke shiga tukunya, amma rubuta 3,000 saɓani ne da abin da Ta'aminat za ta nuna musu.

Sai a ɗauki biro a jera sauran: albashin matar gida idan tana aiki, albashin ɗa ko 'yar da ke cikin gidan, hayar ɗaki ko shago, ribar sana'a. A tuna da rajistar kasuwanci. Dattawa da yawa sun taɓa buɗe sijilli, wato wannan rajistar, da sunansu shekaru da suka wuce, ko wani ɗan'uwa ya roƙe su ya buɗe da sunansu, an manta da shi, ga shi har yanzu yana raye, wani lokaci har da ma'aikata a ƙarƙashinsa. A duba. Idan kasuwancin ya mutu, a rufe rajistar a Ma'aikatar Kasuwanci kafin a nemi tallafi. Haka motar da aka sayar ba a sauya suna ba, ita ma tana nan a matsayin dukiyarka.

6. Hisabul Muwaɗin

Da wannan nake ba da shawarar a fara, domin ƙofarsa ta fi faɗi: ɗan fanshon da ya fi ƙarfin Daman sau da yawa yana samun wannan. An fara biyansa ne a Disambar 2017 don rage raɗaɗin ƙarin kuɗin wuta da mai da haraji. A Yulin 2022 Sarki Salman ya ba da umarnin ƙarin tallafi saboda tashin farashi, aka sake buɗe rajista, aka kuma yi ta sabunta ƙarin bayan haka. Da ƙarin, mafi yawan abin da magidanci ke samu riyal 720 ne a wata, na ƙarƙashinsa mai shekara 18 zuwa sama 360, yaro 216. Adadin yana raguwa gwargwadon yawan kuɗin shigar gidan.

Kafin a cike komai, a buɗe na'urar lissafi da ke shafin ca.gov.sa ko manhajar shirin, a sa jimillar kuɗin shiga da yawan mutanen gida. Za ta nuna kimanin abin da za a samu.

Sai rajista: lambar hawiyya, ranar haihuwa, lambar waya. Ranar haihuwar a rubuta ta yadda take a katin. Dattawa da yawa 1/7 na Hijiriyya aka rubuta musu saboda ba a san ainihin ranar ba, to ita ɗin za a sa, ba wadda Baba ke tunawa ba. Bayan haka a cike adireshi da IBAN, a ƙara na ƙarƙashi kamar yadda suke a katin iyali. Mai mata fiye da ɗaya ya sa su duka da 'ya'yansu. Kowane wanda ya kai 18 sai an faɗi kuɗin shigarsa, idan ba shi da komai a zaɓi cewa babu, kada a bar gurbin fayau. A ƙarshe a tabbatar shafin ya nuna an kammala dukkan sassan, domin fom ɗin da aka bari rabi ba ya shiga tantancewa.

Ranar 10 ga watan Miladiyya ake biya. Idan ta faɗo Juma'a a biya Alhamis, idan Asabar ce a biya Lahadi. Ranar 10 ɗin ce kuma iyakar karɓar bayanai na zagaye mai zuwa, don haka wanda ya gama rajista ran 11 ya ƙara wa kansa wata guda na jira.

Gargaɗi, kuma wannan ya shafe mu fiye da kowa: sharaɗi ne mutum ya kasance mazaunin ƙasar, kada ya wuce kwana 90 a waje cikin wata 12 da suka gabata. Dattijon da ya yi ritaya ya ce bari ya je Kano ko Damagaram ko Sakkwato ya ga dangi, ya zauna biki da ta'aziyya har wata huɗu, zai dawo ya tarar an tsayar. Kwanakin haɗa su ake yi, ba sai tafiya ɗaya ba. A lissafa kafin a yanki tikiti.

7. Daman

Karɓar fansho ba ya hana neman Daman, karɓar Hisabul Muwaɗin ma ba ya hanawa. Abin da ake dubawa a sabon tsarin da ya fara aiki a 2022 shi ne kuɗin shigar gidan gaba ɗaya da dukiyarsa. Ma'aunin, bayan ƙarin kashi 20 cikin ɗari da aka yi a ƙarshen 2023, riyal 1,320 ne ga mai gida da 660 ga kowane mutum bayansa. Misali, Alhaji da Hajiya da 'ya'ya biyu: 1,320 a haɗa da 660 sau uku, ya zama 3,300. Idan kuɗin shigar da hukuma ta lissafa musu bai kai haka ba, ƙofa a buɗe take. Albashin aiki rabinsa ake lissafawa, don haka kada a yanke ƙauna saboda ɗa ɗaya yana ɗan aiki. A gwada na'urar lissafin ma'aikatar, a zaɓi fansho a matsayin nau'in kuɗin shiga, ita za ta fitar da sakamako. Abin da gida ɗaya ke karɓa ba ya wuce riyal 5,000 a wata.

Ana nema ta shafin sbis.hrsd.gov.sa da Nafath. Jerin aikin shi ne: a buɗe fayil na mai nema, a sa adireshi da IBAN da kuɗin shiga da kadarori, a ƙara gida a ɗora takardarsa, a ƙara duk wanda ke kwana a gidan, sannan a aika buƙata.

Wurin da buƙatu ke maƙalewa shi ne na ƙarƙashi. Duk baligin da aka ƙara sai ya shiga da nasa Nafath ya cike nasa fayil ya amince. Ɗa guda ya yi sakaci, buƙatar gidan duka ta tsaya, iyaye suna zaune suna jira suna cewa gwamnati ta yi shiru. A tara kowa da wayarsa a zama ɗaya, bayan isha'i, a gama.

Idan akwai mai ciwo mai tsanani ko naƙasa a gidan, a ɗora rahoton asibiti. Matasa masu lafiya marasa aiki kuma za a buƙaci su yi rajistar neman aiki su bi shirin horarwar ma'aikatar. Wanda ya yi biris da wannan yana iya jawo wa gidan matsala, don haka a ja masa kunne tun farko.

Jami'in bincike yana iya kira ya sa ranar zuwa gida. A ɗauki wayar, a kasance a gida, a ajiye hawiyyoyi da takardar haya a kusa. Zai duba ko mutanen da aka rubuta su ne ke zaune a wurin. Ranar 1 ga wata ake biyan Daman, ranar da fansho ma ke shiga tun Mayun 2024.

Gargaɗi: doka ta tanadi tarar da ta kai riyal 10,000 ko ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda ya karɓi kuɗin Daman ba bisa haƙƙi ba. Mai gidan da ya karɓa ya ƙi ciyar da iyalinsa da shi, shi ma akwai nasa hukuncin. Masu ofisoshin cike fom da ke cewa a ɓoye albashin ɗa ko a cire shi daga gidan, ba su za a kama ba, sunan Baba ne a takardar. Rajistar kanta kyauta ce a shirye-shiryen biyu, ladan aikinsu kawai suke karɓa, kuma kada a bar musu kalmar sirri.

8. Idan an ce ba ka cancanta ba

Kada a sake sabuwar rajista, kada kuma a yi fushi a bari. A shiga shafin a karanta dalilin, domin ana rubuta shi. Sau da yawa ɗayan abubuwan da muka wuce ne: adireshi, takardar haya da ta ƙare, kuɗin shigar da ba a faɗa ba, ko kwanakin tafiya. A gyara a tushensa tukuna. Idan Ejar ce a sabunta a Ejar, idan sijilli ne a rufe a kawo shaidar rufewa. Sannan a shigar da i'itiradi, wato ƙorafi, ta cikin shafin, a ɗora takardar da ke warware wancan dalili kai tsaye. Doguwar wasiƙar bayyana halin da ake ciki ba ta sauya komai idan babu takarda.

Akwai wa'adi: kwana 90 daga fitowar sakamako a Hisabul Muwaɗin, kwana 30 a Daman. Hoton takarda ya fito sarai, kusurwoyi huɗu duka a ciki. Layin Hisabul Muwaɗin 19912 ne, na ma'aikatar kuma 19911. A rubuta lambar ƙorafin da aka bayar a ajiye.

9. Ƙananan abubuwan da ake mantawa

Wanda aka karɓa a Daman ya sa lambar asusunsa na kamfanin lantarki a fayil ɗinsa, domin akwai tallafin kuɗin wuta, kuma a zafin Makka wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shekarun baya-bayan nan ana ba masu Daman kyautar azumi bisa umarnin Sarki, riyal 1,000 ga mai gida da 500 ga kowane na ƙarƙashi. Tana shiga asusu da kanta, duk saƙon da ya ce a danna wani wuri don a yi rajistarta ƙarya ne.

Ta'aminat tana da shirin Taqdeer na rangwame ga 'yan fansho a wasu asibitoci da kantuna, ana ganin jerin a manhajarta. Dokar haƙƙin dattawa ta 2022 kuma ta ɗauki ɗan ƙasa mai shekara 60 a matsayin dattijo, da katin da ke ba shi fifiko a wuraren hidima. A riƙa tambayar rangwamen dattawa a wurin yankar tikitin bas da jirgin ƙasa, kunyar tambaya ce ke sa da yawa biyan cikakken kuɗi.

10. Bayan kuɗi sun fara shiga

Aikin bai ƙare ba. Duk sauyin da ya faru a gidan sai an shigar da shi: 'ya ta yi aure ta tare, ɗa ya samu aiki, an yi haihuwa, an sauya gida, an sabunta haya. A Daman kwana 15 aka bayar don sanarwa. Abin da aka karɓa bayan sauyin da ba a faɗa ba bashi ne, za a cire shi daga baya. A rubuta ranar ƙarewar takardar haya da ta hawiyya a jikin kalanda, a sabunta su kafin su cika.

Idan Allah ya yi wa mai fansho rasuwa, a yi rajistar rasuwar a Ahwal, a ciro takardar tantance magada ta Najiz, a kai buƙata Ta'aminat don a mayar da fanshon ga waɗanda doka ta ba su. Kada a ci gaba da cire kuɗi da katin mamaci. Hajiya kuma ta buɗe nata fayil a Hisabul Muwaɗin da Daman a matsayin mai riƙe da gida, da layin waya da IBAN da takardar haya duk da sunanta. Tana cikin takaba ma ana iya yin wannan daga ɗaki, ɗa ko 'ya na kusa da ita da waya, don kada gidan ya yi wata biyu ko uku babu abin da ke shigowa.